Ganinsa Ya Tafi, Ofis Na So Ya Ajiye Aiki: Me Doka Ta Tanadar Masa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Barista. Yayana ma'aikaci ne a wata hukumar gwamnatin tarayya, a sashen kuɗi. Ya shekara 14 yana aiki, shekarunsa 43 a duniya. Ciwon hawan jinin ido ya kama shi, tun bara ganinsa ke raguwa, yanzu ba ya iya karanta takarda, sai dai ya ga inuwar mutum. Shugaban sashensu ya kira shi ya ce gara ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa cikin mutunci tun kafin a sallame shi. An daina ba shi aiki, har teburinsa an ba wani. Yana da mata da 'ya'ya biyar, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarmu. Wasu a gida na cewa ƙaddara ce, ya haƙura. Ni kuma na ji an ce akwai dokar da ta kare masu naƙasa. Da gaske tana aiki? Ta ina za mu fara?" Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya ba yayanki lafiya, ya tsare masa abin da ya rage na gani, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya masa. Abin da kike son sani shi ne ko shugaban sashe yana da ikon raba ma'aikaci da aikinsa don idonsa ya samu matsala, ko dokar da kika ji labarinta za ta iya kare shi, da kuma matakin da ya kamata a fara ɗauka.

Kafin mu shiga bayanin doka, ki isar masa da wannan saƙo yau, kada ki bari sai gobe. Kada ya rubuta takardar ajiye aiki. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan kowace takarda sai wani amintaccensa ya karanta masa ita daga farko har ƙarshe. Kuma kada ya daina zuwa ofis, ko da ba a ba shi abin yi. Duk sauran abin da zan faɗa ya dogara ne a kan waɗannan.

Abin da ya sa ake so ya ajiye da kansa

Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar masa da aikinsa ba a sallamarsa da baki. Akwai matakai da dokokin aikin gwamnati, ko dokar da ta kafa hukumarsa, suka shimfiɗa, kuma kotunan Najeriya sun daɗe a kan cewa idan aka tsallake waɗannan matakai, za a iya mayar da ma'aikaci bakin aikinsa, a biya shi duk albashin da ya wuce. Shugaban sashen ya san haka, ko kuma ya san cewa shi kaɗai ba shi da wannan iko. Hanya mafi sauƙi a wurinsa ita ce yayanki ya fita da ƙafarsa.

Takardar ajiye aiki kuwa, da zarar ofis ya karɓe ta, ta fara aiki, kuma janye ta yakan buƙaci yardar wanda ya karɓa. In an je kotu daga baya, nauyin tabbatar da cewa tilasta masa aka yi yana wuyansa ne, alhali maganar da aka yi masa a ɗaki ce, babu shaida, babu rubutu.

Akwai kuma maganar fansho, wadda iyalai da yawa ba sa lura da ita sai ta wuce. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, abin da zai iya cira daga asusunsa kashi 25 cikin 100 ne, shi ma sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, sauran kuma sai ya cika 50. Amma wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci, dokar ta ba shi damar fara cin gajiyar asusunsa tun kafin ya kai wannan shekarun. Kin ga ke nan, ko da a ce ƙarshen al'amarin barin aiki ne, ƙofar da zai fita ta cikinta tana da bambanci sosai, kuma wadda aka nuna masa ita ce mafi muni. Yana da shekara 43, doka ta ba shi har ya kai 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki. Shekara 17 na albashi da ƙarin girma ake neman ya yafe da takarda mai layi uku.

Zuwa ofis kullum shi ma kariya ce. Ƙaurace wa aiki ba da izini ba babban laifi ne a dokokin aikin gwamnati, ana iya korar mutum a kansa. Abin da ake yawan gani shi ne a ɗauke wa ma'aikaci tebur, a daina yi masa magana, ransa ya ɓaci ya zauna a gida, bayan wata biyu sai ga takardar tuhuma cewa ya gudu daga aiki. Daga nan maganar ido ta ɓace, an koma maganar ɗa'a. Saboda haka ya riƙa zuwa, ya sa hannu a rajistar zuwa aiki, in kuma zai je asibiti ya nemi izini a rubuce, ya ajiye kwafin takardar likita.

Abin da dokar ta ce

Dokar da kika ji labarinta gaskiya ce. Ita ce dokar haramta nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, bayan ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman sun shafe shekaru suna fafutuka, an sha zartar da ƙudurin a majalisa yana mutuwa a kan teburin shugaban ƙasa. Sashe na 1 ya haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna wa wani bambanci saboda naƙasarsa, ta kowace hanya kuma a kowane hali. Mutumin da aka samu da laifin, tararsa naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. In kamfani ne ko hukuma, naira miliyan 1. Sashen ya kuma bar wa wanda aka zalunta damar shigar da ƙarar neman haƙƙinsa da kansa, ba sai ya jira an hukunta kowa ba.

Sashe na 28 shi ya fi kusa da matsalarku. Ya ce mai naƙasa yana da haƙƙin yin aiki daidai da kowa, ya nemi abincinsa ta aikin da ya zaɓa. Wanda ya take wannan haƙƙi zai biya diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba ga wanda ya cuta. Kamfani zai biya aƙalla naira 500,000, babban jami'in da ke da hannu a ciki kuma naira 50,000. Sashe na 29 ya umarci hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu wajen ganin aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu naƙasa ne. Wannan sashe hujja ce mai kyau a takardar koke: hukumar da doka ke nema ta ɗauki masu naƙasa, da wane dalili za ta kori wanda take da shi, wanda ya riga ya san aikin?

Dokar ta kuma kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020, da hedikwata a Abuja. Cikin ayyukanta akwai karɓar koke, da mara wa mutum baya wajen neman haƙƙinsa a kotu.

Tunda yayanki a hukumar tarayya yake, babu gardama cewa dokar ta hau kan ofishinsa. Masu karatu da ke aiki da gwamnatin jiha su duba dokar jiharsu su haɗa da ta tarayya. Filato ta yi tata tun 2005, Legas a 2011, Kano a 2018, Kaduna a 2021, wasu jihohin ma sun bi sahu.

Inda ta gaza, da yadda ake cike giɓin

Ba zan ɓoye miki ba, dokar tana da rauni. Kuɗin tarar an tsara su ne kafin darajar naira ta faɗi, yau ba za su tsorata wata babbar hukuma ba. Hukunta mutum da ɗauri ko tara sai an gurfanar da shi a matsayin mai laifi, abin da ba kasafai ake yi ba. Wa'adin shekara biyar da aka ba gine-ginen gwamnati su gyara hanyoyin shigarsu ya cika tun Janairun 2024, amma ki duba ofisoshi da kotuna da asibitocin da ke kusa da ke, ki ƙirga masu hanyar keken guragu. Wanda ya ce miki da an ambaci dokar kowa zai shiga taitayinsa, bai faɗa miki gaskiya ba.

Babban giɓin da ya shafi yayanki shi ne, sashe na 28 bai fito fili ya ce dole mai ba da aiki ya gyara wa ma'aikaci yanayin aikinsa ba, wato ya sama masa kayan aiki ko ya sauya masa tebur. Shi ma sashe na 42 na kundin tsarin mulki, da ya hana wariya saboda ƙabila da addini da jinsi da sauransu, bai ambaci naƙasa da suna ba.

A nan ne yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa ke shigowa. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Sashe na 27 na yarjejeniyar ya ambaci irin halin yayanki kai tsaye, wato wanda naƙasa ta same shi yana cikin aiki, ya hana nuna masa bambanci wajen ci gaba da aikin, ya kuma wajabta a yi masa gyaran da ya dace. Sashe na 2 ya ce ƙin yin wannan gyara, matuƙar bai zama nauyin da ya fi ƙarfin mai ba da aikin ba, shi kansa wariya ne. Akwai kuma yarjejeniya ta 159 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta tabbatar a 2010, manufarta ita ce mai naƙasa ya samu aiki, ya riƙe shi, ya kuma ci gaba a cikinsa.

A al'ada, sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a Najeriya sai majalisa ta mayar da ita. Sai dai gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon aiki da yarjejeniyoyin da Najeriya ta tabbatar waɗanda suka shafi ƙwadago da wurin aiki, da ikon sauraron ƙarar wariya da rashin adalci a wurin aiki. Lauyan da ya san aikinsa zai haɗa dokar 2018 da waɗannan yarjejeniyoyi da dokokin aikin gwamnati wuri guda. Haɗuwarsu ce ke ba ƙarar ƙarfi, fiye da yadda kowace ɗaya za ta yi ita kaɗai.

Wa ke da ikon cewa ba zai iya aiki ba?

Shugaban sashe ba likita ba ne, kuma ko likita ne, ba hurumin kujerarsa ba ne. A aikin gwamnati, kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida ne ke duba ma'aikaci ya ba da shawara ko lafiyarsa za ta bar shi ya ci gaba. Mai yiwuwa in kuka ƙi ajiye aikin, ofis ya tura shi gaban wannan kwamiti. Kada ya ƙi zuwa, amma ya je a shirye.

Shirin yana farawa daga rahoton likitan idonsa. Ku nemi rahoto daga babban asibitin gwamnati, kamar Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika, tunda suna kusa da ku. Rahoton ya nuna sunan ciwon, ƙarfin ganin kowane ido da alƙaluma, faɗin filin ganinsa, maganin da yake kai, da kuma irin taimakon da zai ba shi damar aiki. A nan ake yawan yin kuskure mai tsada. Iyali kan roƙi likita ya tsananta bayani don a tausaya wa ɗan'uwansu, likita ya rubuta cewa mutumin ba zai iya aiki ba, sai ofis ya ɗauki wannan layi ɗaya ya yi masa ritaya da shi. Ku bayyana wa likitan abin da za a yi da rahoton. Ba a neman ya ɓoye komai. Ana neman ya rubuta gaskiyar abin da idon ya rasa, ya kuma rubuta gaskiyar cewa hankalinsa da jinsa da hannuwansa lafiya lau suke, zai iya aiki in ya samu horo da kayan taimako.

Ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa da sauran kulawa suna tsare abin da ya saura. Kada damuwar ofis ta sa ya yi wasa da maganinsa ko ranar ganin likita. Inuwar da kika ce yana gani tana da amfani ƙwarai wajen tafiya da sanin inda yake.

Zai iya aikin kuɗi ba tare da karanta takarda ba?

Wannan ita ce tambayar da kwamiti ko alƙali zai so a amsa, kuma an fi amsa ta da nuni a aikace. Akwai manhajojin da ke karanta wa mutum duk abin da ke fuskar kwamfuta da murya. NVDA kyauta ce, tana aiki a kan Windows, tana karanta Word da Excel da saƙon imel, layi-layi, gida-gida. JAWS ta kuɗi ce. A waya akwai TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, sun zo tare da wayar, kunna su kawai ake yi. Takardar da aka buga da na'ura ana ɗaukar hotonta a mayar da ita rubutun da manhaja za ta karanta. Mutumin da ya shekara 14 a sashen kuɗi ya riga ya san aikin a kansa, abin da zai koya shi ne sarrafa kwamfuta da madannai kawai ba tare da linzami ba, da sabon kunne da muryar manhaja. Da naci, watanni kaɗan sukan isa a ga bambanci. Ƙungiyar Makafi ta Najeriya da rassan JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, na jihohi su ne wurin tambayar inda ake ba da wannan horo, da na tafiya da farar sanda.

Akwai abin da na'ura ba za ta yi masa ba, kuma gara ku faɗa da bakinku kafin a faɗa muku. Takardar biyan kuɗi (bauca) da aka cike da hannu, tantance sa hannun wani, da tsofaffin fayiloli, duk suna buƙatar mai ido. Wasu manhajojin ofis ma ba a gina su yadda mai karantawa da murya zai iya bin su ba, sai an gwada a gani. Maganin wannan shi ne ko dai a haɗa shi da ƙaramin ma'aikaci da zai riƙa karanta masa irin waɗannan takardu, ko a raba aikin sashen ta yadda zai ɗauki ɓangaren da ke cikin kwamfuta, kamar shirya kasafi da daidaita alƙaluma da rubuta rahoto, ko a mayar da shi wani tebur a matakin albashinsa, ba tare da rage masa girma ba. A ganina ya fara tun yanzu da NVDA a gida, kada ya jira ofis. Ranar da ya zauna gaban kwamiti ya buɗe Excel ya yi lissafi suna kallo, rabin gardamar ta ƙare.

Takardun da za a rubuta

A aikin gwamnati, abin da ba ya cikin fayil tamkar bai faru ba ne. Takarda ta farko za ta tafi ga shugaban hukumar, ta hannun shugaban sashe kamar yadda tsarin ofis ya tanada, da kwafi ga daraktan kula da ma'aikata. Ta zama gajeriya, mai ladabi, babu zagi babu barazana. Ya faɗi sunansa da lambar fayil ɗinsa da matakinsa, ya ce ya samu lalurar gani, ga rahoton likita a haɗe, yana so kuma yana iya ci gaba da aiki, sannan ya lissafa abin da yake buƙata dalla-dalla: kwamfuta mai manhajar karatu, izinin zuwa horo, mai taimaka masa da takardun hannu ko sauyin tebur. Ya ambaci sashe na 1 da 28 da 29 na dokar 2018. Sai ya ƙara sakin layi ɗaya da ke cewa a rana kaza an ba shi shawarar ya ajiye aiki, bai amince ba, kuma tun rana kaza ba a ba shi aiki ba, an ɗauke teburinsa, yana roƙon a mayar masa. Wannan sakin layi shi ke mayar da maganar baki ta zama shaida. In ofis bai musanta ba a rubuce, shirun zai yi masa amfani nan gaba.

A kai takardar rajista, a buga wa kwafinsa hatimin karɓa mai kwanan wata. In aka ƙi karɓa, a aika ta kamfanin kai saƙo a riƙe rasit, a kuma tura ta imel. Ke ko matarsa ku buɗe fayil a gida, ku tara takardar ɗaukarsa aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardun albashi, sakamakon auna ƙwazonsa na shekarun baya, da littafin sharuɗɗan aiki na hukumar. Ku riƙa rubuta duk abin da ya faru da ranarsa da sunan wanda ke wurin. In takardar tuhuma ta zo, ya amsa cikin wa'adin da aka rubuta a kanta, ko da amsar ita ce neman ƙarin lokaci saboda sai an karanta masa. Ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta ofishinsu, domin su kan iya shiga ofishin da shi ba zai iya shiga ba, kuma sau da yawa a wannan mataki ake kashe wutar.

Inda ake kai kuka in ofis ya yi kunnen uwar shegu

In mako biyu zuwa uku suka wuce babu amsa, a aika tunatarwa, sannan a fita waje. Hukumar Kula da Masu Naƙasa ita ce ta farko, a rubuta mata koke da kwafin duk takardun, a kuma nemi takardar shaidar naƙasa da take bayarwa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofisoshi a jihohi, ba a biyan kuɗi, tana gayyatar ɓangarorin biyu, kuma tun gyaran dokarta na 2010 ana iya zartar da hukuncinta kamar na babbar kotu. Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a ita ma kyauta ce, ta saba da rigimar ma'aikata da ofisoshinsu, sai dai tana son a kawo kuka cikin wata 12 da faruwar abu, kuma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Wasiƙa ɗaya daga ɗayan waɗannan hukumomi takan sa shugaban da ya ɗauka babu mai tsaya wa ma'aikacin ya sake tunani.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kotun da ke da hurumi ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kaduna da Kano da Abuja. Kai irin wannan ƙara wata kotun daban yakan jawo a ɓata shekara ana gardamar hurumi. Abu biyu lauyanku zai kiyaye. Na ɗaya, dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku don ƙalubalantar abin da jami'i ya aikata a bakin aikinsa. Hukunce-hukuncen kotuna sun sha bamban kan ko wannan wa'adi ya shafi rigimar aiki, don haka kada ku jingina da gardamar, ku ɗauka ya shafe ku. Ranar da takardar sallama ko ta ritaya ko ta tsayar da albashi ta fito, ku fara ƙirga, kuma ku sani zaryar da kuke yi a hukumomin koke ba ta tsayar da wannan ƙirga. Na biyu, dokokin da suka kafa hukumomi da dama sun wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara, galibi ta wata guda. Wanda ya jira har mako na goma sha ɗaya kafin ya ga lauya ya shiga tsaka mai wuya. In kuɗin lauya ya gagara, ku tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku, ku tambayi masu yin ƙarar kare haƙƙi kyauta.

Wani zai ce muku ku nemi diyya daga NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Wannan asusu na wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ne ta dalilin aikinsa, hawan jinin ido kuma galibi ba aiki ke kawo shi ba, don haka kada ku sa rai a can sai in likita ya danganta shi da wani rauni da ya samu a bakin aiki.

Game da masu cewa ya haƙura, na san don tausayi suke faɗa. Rasa gani ƙaddara ce, mun karɓa, Allah ya sa kaffara ce. Amma ɗauke masa tebur hukuncin mutum ne, kuma neman a gyara shi bai saɓa wa tawakkali ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, shi ne dalilin saukar farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Ki lura da yayanki sosai a wannan lokaci. Wanda ya rasa gani da girmansa yakan shiga ƙunci mai tsanani, kuma a cikin wannan ƙuncin ne mutum kan sa hannu don kawai a rabu da shi. Haɗa shi da makafi masu aikin ofis da koyarwa, ya ji daga bakinsu, zai yi masa abin da lallashin gida ba zai yi ba.

Ban ga takardar ɗaukarsa aiki ko dokar da ta kafa hukumarsu ba, kuma su ne za su nuna takamaiman matakan sallama da wa'adin sanarwa da suka shafe shi. Ku kai wa lauya su ya karanta tun yanzu, tun babu ƙara.

In kuma kafin wannan amsa ta iso miki an riga an shawo kansa ya sa hannu, ya rubuta takardar janyewa nan take, a ranar in zai yiwu. Ya bayyana wanda ya matsa masa, da ranar, da kalaman da aka faɗa, ya kuma faɗa in ba a karanta masa abin da ya sa wa hannu ba. A kai ta rajista a karɓi hatimi. Kada ya cike fom ɗin sallama, kada ya miƙa katin shaidar aiki, kada ya karɓi wani kuɗi da aka kira na barin aiki, domin karɓar zai zama alamar ya yarda. Kotun Ma'aikata ta san da irin ajiye aikin da aka tilasta, tana iya ɗaukarsa a matsayin kora, amma za ta duba saurin da mutum ya yi wajen nuna bai amince ba. Ku ga lauya a cikin makon.